Yadda Ake Haɗa Kujerar Hutawa Irin ta Danmak da Katako da Kirgi

A shekarar 1958 wani kafinta mai zanen kayan ɗaki ɗan ƙasar Danmak, Børge Mogensen, ya fito da wata kujera gajera mai faffaɗan hannuwa, wadda aka sa wa suna Kujerar Sifen saboda ya samo tunaninta ne daga tsofaffin kujerun da ya gani a yankin Andalus na ƙasar Sifen. Kamfanin Fredericia yana yin ta har yau. Mogensen almajirin Kaare Klint ne, malamin da ya horar da ɗalibansa a makarantar fasaha ta Kofanhegan a kan su auna jikin mutum tukuna kafin su zana kujera. Babu soso a wannan kujera, babu sufirin, babu yadi. Katako ne da fatar saniya mai kauri, sai kan bel na tagulla a ƙarƙashi da ake ɗaure fatar da shi.

Na yi irinta sau da yawa, kuma abin da nake fara gaya wa yaran shagona shi ne: a kushin kana iya ɓoye kuskure a ƙarƙashin soso, a nan kuwa komai a fili yake. Katako yana motsi, fata tana saki. Duk aikin nan dabarar zama da waɗannan halaye biyu ne. Awon da zan bayar nawa ne, wanda na daidaita da hannuna, ya yi kusa da na asali amma ba shi ba ne. Idan ka yi ta sayarwa, ka gaya wa mai saye gaskiya cewa aikinka ne a kan salon Danmak, kada ka laƙaba mata sunan kamfanin mutane.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Katako. Mutanen Danmak da itacen ok suke yin wannan kujera, wasu kujerun zamanin kuma da tik. A wajenmu tik yana samuwa daga kudu, haka loko. Maɗaci da kawo ma suna yi sosai, sai dai kawo nauyi gare shi kuma yana cin bakin kayan aiki. Ka guji malaina da farin katakon da ake silin da shi, ba za su jure jan fata ba. Ga abin da za ka yanka, duk a santimita, ban da tsawon harsunan haɗi da za ka ƙara, wato bakin katakon da ake ferewa ya shiga ramin wani katakon:

Ƙafafu 4: 4.5 × 6 × 50
Sandunan gefe 2, waɗanda fata za ta hau: 3.5 × 7 × 49
Sandunan tsakiya 2, gaba da baya: 3 × 7 × 54
Hannuwa 2: 2.8 × 14 × 66
Sandunan jingina 2: 3 × 5 × 52

Fata. Kirgi kake bukata, na saniya, jimar bagaruwa ko wata jimar itace, kauri milimita 3.5 zuwa 4.5. Rabin fata babba ya isa kujera ɗaya. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya, amma ba ta wannan aikin ba ce, ta yi laushi da yawa. Haka fatar kamfani mai santsi da ake jaka da ita, wadda aka jeme da sinadari: tana miƙewa kamar roba.

Sauran kaya: kan bel na tagulla guda 5 masu faɗin santimita 4, noti da ƙusa mai zare na tagulla guda 4, farin gam na katako, zare mai kaki, kakin zuma, kwali babba, sandifefa lamba 80, 120, 180 da 240.

Kayan aiki: zarto, filen, cizal mai faɗin milimita 10 da 12, gudumar katako, sikwaya, tef, diril, kilam na matse katako dogaye aƙalla 4, magagari, wuƙar dukanci mai kaifi, basilla, allura biyu marasa tsini, da abin huda fata.

MATAKI NA 1: KA TABBATA KATAKON YA BUSHE

Nan ne aka fi faɗuwa. Kujerata ta biyu na yi ta da katakon da mai sayarwa ya rantse mini ya shekara a ajiye. Na haɗa ta a watan Agusta, ta yi kyau abin sha'awa. Hunturu na shigowa harsunan suka tsuke a cikin ramukansu, kujera ta fara rawa tana ƙara, hannu ɗaya ya tsage tun daga baki. Sai da na warware ta gaba ɗaya.

Idan kana da na'urar auna danshi, ka nemi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Idan ba ka da ita, yanki guntu daga tsakiyar katakon, ba daga baki ba, ka ɗora a sikelin 'yan kasuwa, ka rubuta nauyinsa a jikinsa. Ka sake aunawa duk mako. Ranar da ka auna sau uku a jere nauyin bai ragu ba, ya bushe. Ka jera katakon a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakaninsu iska ta ratsa. Rana kai tsaye tana tsaga shi. Wanda ya samu tsohuwar ƙofa ko tsohon gado na tik ko loko ya yi sa'a, don wannan ya riga ya bushe sarai.

MATAKI NA 2: ZANA GEFEN KUJERAR A KAN FALANKI

Kada ka yanka komai sai ka zana gefen kujerar da girmanta na gaskiya a kan falanki ko kwali. Ja layin ƙasa. Tsayar da ƙafafu biyu, daga wajen ta gaba zuwa wajen ta baya santimita 60. Saman sandar gefe zai kama ƙafar gaba a tsayin 33, ya gangara ya kama ta baya a tsayin 26. Wannan gangaren na santimita 7 shi ne yake zaunar da mutum ya tafi baya ya huta. Ka rage shi, kujera ta zama benci. Ka ƙara shi, dattijo ba zai iya tashi ba sai an miƙa masa hannu.

Sandar jingina za ta taso daga jikin sandar gefe, kamar santimita 42 daga gaba, ta kwanta baya. Kusurwar da ke tsakaninta da mazauni ta kasance digiri 100 zuwa 105. Daga wannan zanen za ka riƙa ɗaukar kowace kusurwa, ba daga lissafin ka ba. In ba ka da sikwaya mai lanƙwasa, haɗa 'yan katako biyu sirara da ƙusa mai zare a baki ɗaya, ta wadatar.

MATAKI NA 3: FERE DA YANKA

Fere kowane katako fuska huɗu har sikwaya ta zauna daidai. Ka dubi jijiyar itacen: ta ƙafafu da sandunan gefe ta miƙe sambal daga baki zuwa baki, ba kulli. Mafi kyawun allon ka ajiye wa hannuwa, don su ido yake fara sauka a kai, kuma ka yanko su daga allo ɗaya launinsu ya zo ɗaya. Sa alama da fensir: gaba, baya, dama, hagu. Ƙafar dama da ta hagu madubin juna ne, ba tagwaye ba. Na ga yaro ya fafe ƙafafun hagu guda huɗu a yini ɗaya.

MATAKI NA 4: HAƊIN HARSHE DA RAMI

Duk ƙarfin kujerar a nan yake. Ƙusa ba ta da wuri a wannan firam, ban da masu zaren da za su ɗaure sandunan jingina. Kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar, wato milimita 12 ga sandunan gefe, 10 ga na tsakiya, tsawonsa kuma santimita 3.

Fara da rami kullum, don ya fi sauƙi a rage harshe ya dace da rami a kan a gyara rami. Huda da diril a jere, ka share da cizal. Sandar tsakiya ta gaba samanta ya tsaya a tsayin 25, ta baya a 16. Na sauke su haka saboda dalili biyu: kada ramukansu su ci karo da na sandunan gefe a cikin ƙafa ɗaya su raunana ta, kuma kada cinyar mai zama ta taɓa katako idan fata ta lotsa. Waɗannan sanduna biyu su ne suke tokare gefen kujerar. Fata tana jan gefe biyu ciki da ƙarfin gaske, su kuma suna hana su haɗuwa.

Kafaɗun harsunan sandar gefe a karkace suke saboda gangaren nan. Ɗora sandar a kan zanenka, ka ja layin daga can, ka bi shi da wuƙa kafin zarto ya hau. Harshen da ya yi daidai yana shiga da turin hannu da ɗan bugun guduma kaɗan, kuma in ka ɗaga sandar ƙafar ba ta faɗuwa. Wanda sai an yi ta dukansa zai tsaga ƙafa. Wanda ya yi sako-sako kuma kada ka ce gam zai cike, ba ya cikewa. Manna masa siririn ɓawon katako, ya bushe, ka sake fere shi.

A saman kowace ƙafa ka fitar da harshe mai tsawon santimita 2 wanda zai shiga ƙarƙashin hannu. Bakin hannun na ciki ya yi daidai da fuskar ƙafa ta ciki, sauran faɗin ya fita waje. Wasu suna barin harshen ya huda hannu ya fito sama, su buga masa 'yar tsinke. Ya fi ƙarfi kuma yana da kyau a ido, amma ka bari sai kujerarka ta uku.

Wanda hannunsa bai faɗa da cizal ba yana iya haɗawa da turakun katako zagayayyu masu kaurin milimita 12, uku a kowace mahaɗa. Za ta yi aiki, sai dai ba za ta kai jikoki ba.

MATAKI NA 5: KASHE KAIFI

Duk inda fata za ta naɗe, wato saman sandunan gefe da gefensu na waje da sandunan jingina, ka zagaye shi da magagari har ya yi kamar bayan cokali. Kaifin katako yana yanka kirgi a hankali, shekara biyu ka ga ta tsage a layi ɗaya. Hannuwan ma ka zagaye bakinsu, ka ɗan fere ƙarƙashin gefen waje ya yi siriri. Wannan 'yar dabara ce ta kafintocin Danmak: allo mai kauri, amma ido yana ganinsa marar nauyi. Goge komai da sandifefa daga 80 zuwa 180 tun kafin haɗawa, kana bin jijiya. Harsuna kaɗai za ka bari.

MATAKI NA 6: HAƊAWA

Haɗa kujerar duka ba gam tukuna, ka ga inda ya ƙi. Sannan ka manna gefe ɗaya: ƙafafu biyu, sandar gefe, hannu. Haka ɗaya gefen. Ka bar su su kwana a kilam. Washegari ka haɗa su da sandunan tsakiya a kan daɓe mai shafe daidai. Auna daga ƙafar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan akasin haka. In awon biyu ya zo ɗaya, kujera ta miƙe. In ba kilam, igiya mai ƙarfi da sanda da za ka murɗa a tsakiya tana matsewa, ka dai sa kwali a kusurwoyi.

Tik da loko suna da maiƙo a jikinsu. Goge harshe da rami da tsumma mai ɗan sinadarin tsinka fenti, ya bushe, sannan gam. Gam da ya tsatso ka share shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba mai ba zai shiga wurin ba, tabo zai fito.

Sandunan jingina suna zama ta ciki. Fafe musu gurbi marar zurfi, kamar santimita 1, a jikin sandar gefe da bakin hannu, ka ɗaure kowace da ƙusa mai zare biyu, ɗaya ƙasa ɗaya a hannu.

MATAKI NA 7: SABULU KO MAI

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne a Danmak da sabulu ake gama farin katako irin ok. Ana narka garin sabulu tsantsa, marar turare marar launi, kamar ƙaramin kofin shayi a lita ɗaya ta ruwan zafi, a bar shi ya huce ya yi kauri kamar koko. A shafa da tsumma, a share, ya bushe, a bi da sandifefa 240, a maimaita sau uku ko huɗu. Katako yana fitowa fari, da laushi a tafin hannu, ba ƙyalli. Garin wanki na leda ba sabulu ba ne a wannan ma'anar, zai ƙona katakon.

Katako mai duhu kuwa, tik ko maɗaci ko kawo, mai ya fi karɓarsa. Man linsid dafaffe ko man tik na gwangwani: shafa, jira minti 15, goge duk abin da bai shiga ba har tsumma ya fito a bushe. Sau uku, kwana ɗaya tsakani. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar a kwana. Ka shanya shi a buɗe a waje ko ka tsoma shi a ruwa. Wannan ba zancen tsoratarwa ba ne, shaguna sun ƙone ta haka. In ba ka samu ko ɗaya ba, kakin zuma da aka narka ya isa. Fenti mai ƙyalli kam ni ban yarda da shi a kan wannan kujera ba, yana mayar da itace kamar roba.

MATAKI NA 8: YANKAN FATA

Idan ba ka taɓa dukanci ba, ka ɗauki firam ɗin ka kai wa baduku ku yi tare. Ba abin kunya ba ne, a Danmak ma aikin mutum biyu ne.

Fara da kwali. Naɗa shi a kan kujera kamar shi ne fatar, ka yanke gurbin ƙafafun gaba da na sandunan jingina. Mazauni zai kai kamar santimita 80 a faɗi, don ya haye sandunan gefe ya sauko ta waje ya leƙa ƙarƙashi, zurfinsa kuma kamar 48. Fatar jingina tana naɗe sandunanta biyu ta koma baya, da gurbi a daidai hannu, don haka kunnuwa huɗu gare ta: biyu sama da hannu, biyu ƙasa. Kowace kusurwar gurbi ka huda ta zagaye da abin huda kafin ka yanka. Kusurwa mai tsini nan fata take fara yagewa.

Yanzu shimfiɗa kirgin. Gadon baya shi ne mai ƙarfi, ciki da hammata sako-sako ne. Fata ba ta cika miƙewa ta tsawon ƙashin baya ba, ta fi miƙewa ta wajen haƙarƙari. Saboda haka faɗin kujera, daga dama zuwa hagu, ya bi tsawon bayan saniyar. Wanda ya juya wannan, cikin wata uku zai ga mazauni ya zama kwarya. Ka duba tabon wuta da na ƙaya da yankan wuƙar fiɗa ta ciki, ka kauce musu. Ɗan tabo a gefe ba laifi, shaidar fata ce ta gaskiya.

In kirgin da ka samu bai kai kauri ba, manna biyu ciki da ciki, ka ɗinke bakin duka. Ko ka yi masa shafi da tamfol mai ƙarfi ta ƙasa.

MATAKI NA 9: MAƊAURI DA ƊINKI

Yanko maɗaurai daga gadon baya, faɗin santimita 4. Uku a ƙarƙashin mazauni, biyu a bayan jingina. Kowanne gida biyu ne: ɓangare mai kan bel, da ɓangare mai huji. Yi huji bakwai, santimita 2 tsakani, kuma ka auna yadda ranar farko harshen bel zai shiga huji na biyu. Sauran biyar na shekarun gaba ne.

Kan bel ɗin lallai ya zama tagulla. Dukawa sun san abin da ke faruwa idan ƙarfe ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa, ai da haka ake yin kuloko, baƙin rinin fata. Baƙin ƙarfe ya ji danshin damina, zai zana maka baƙin tabo wanda ba ya fita. Yawancin kan bel na kasuwa ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Tafi da maganaɗisu: in ya kama, ajiye musu kayansu.

Ɗinki da allura biyu ake yi, zare ɗaya, kowace allura tana ratsa huji ɗaya daga nata ɓangaren. Huda da basilla, milimita 5 tsakani. Amfanin wannan ɗinki shi ne ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa, saɓanin na keke. Maɗauri ya hau kan fatar da aƙalla santimita 6, ka ɗinka layi biyu a tsawonsa. Kada ka ɗinka layi a gicciye, hujin da ke jere a gicciye kamar takardar rasit ne, nan zai yage.

Bakin fata ka kankare kaifinsa, ka ɗan jiƙa, ka shafa ruwan ƙaro ko kakin zuma, ka murza da guntun katako mai santsi har ya yi sheƙi.

MATAKI NA 10: ƊAURAWA

Bari mai ya bushe sarai, aƙalla mako guda, kada ya shiga fata. Kifa kujerar a kan tabarma, ɗora mazauni, ka ɗaure na tsakiya tukuna, sannan na gaba, sannan na baya, kana ja kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Wasu suna jiƙa fatar sharkaf don ta ɗame idan ta bushe. Ban ba ka shawarar haka ba, tana bushewa da taurin tsiya kuma tana iya karkatar da firam. Ɗaurin ya isa idan ka danna tsakiya da tafin hannu ya lotsa kamar santimita 2.

Sabon kirgi fari-fari ne, da zama da haske zai koma ruwan zuma, daga baya ya yi ja mai duhu. Kada ka ajiye ta inda rana take duka, ko kusa da murhu. Da shigowar hunturu ka shafa mata man kaɗe ɗan kaɗan a tsumma, ka gwada a ƙarƙashi tukuna don yana ƙara duhu. Man gyaɗa yana yin ɗoyi, baƙin mai kuma yana kashe fata. Da damina ka janye ta daga jikin bango, in ka ga fumfuna ka goge da busasshen tsumma ka fitar da ita ta sha iska a inuwa.

Bayan mako biyu ana zama a kai fatar za ta saki, ka kifa kujerar ka ƙara huji ɗaya a kowane maɗauri. Haka bayan wata uku. Daga nan sau ɗaya a shekara ya isa, kuma ka riƙa yi da rani, lokacin da fatar take a bushe, kana duba notin sandunan jingina a lokaci guda.